Shekara 64 a Majalisar Jiha: Labarin Fred Risser

A watan Janairun 1957 aka rantsar da wani matashin lauya mai shekara 29 a majalisar dokokin jihar Wisconsin da ke Amurka. Eisenhower ne shugaban ƙasa a lokacin, kuma ko tauraron ɗan'adam ɗaya ba a kai ga harbawa sama ba. Wannan matashi bai tattara nasa ya nasa ya bar majalisar ba sai a Janairun 2021, yana da shekara 93. Sunansa Fred Risser. Shekara 64 cur ya yi yana ɗan majalisar jiha, kuma a tarihin Amurka kaf ba a taɓa samun wanda ya kai shi daɗewa a irin wannan kujera ba. Shugabannin ƙasa 12 ya yi zamani da su yana nan zaune.

To ya aka yi haka ta yiwu?

Sai mun fara da yadda majalisar take. Wisconsin tana da majalisu biyu a birnin Madison. Akwai ta wakilai mai kujeru 99, wa'adinta shekara 2, akwai kuma ta dattawa mai kujeru 33, wa'adinta shekara 4. Risser ya soma ne daga ta wakilai bayan ya ci zaɓen 1956 a jam'iyyar Dimokurat. A 1962 ya haura ta dattawa, a nan ya yi sauran shekarunsa.

Siyasar dai gado ce a gidansu. Mahaifinsa sanatan jiha ne, kakansa na wajen uwa, Ernest Warner, ya zauna a majalisar, haka ma mahaifin kakan, Clement Warner. Fred shi ne na huɗu a jere. Akwai wani abin mamaki a nan. A zaɓen 1948 wani matashi mai suna Gaylord Nelson ya kayar da mahaifin Risser ya ƙwace kujerarsa. Nelson ya ci gaba har ya zama gwamna, kuma a 1962 shi ne ya ɗauki sanatan yankin Madison, Horace Wilkie, ya naɗa shi alƙali a kotun ƙolin jiha. Kujera ta zama ba kowa, aka yi zaɓen cike gurbi, ɗan wanda aka kayar ya tsaya ya ci. Wato wanda ya fitar da uba daga zauren, shi ya buɗe wa ɗa ƙofa.

Kafin 1979 mataimakin gwamna ne ke jagorantar zaman majalisar dattawan jihar. A shekarar aka yi wa tsarin mulki gyara, sanatoci suka samu damar zaɓen shugabansu da kansu, kuma Risser suka fara zaɓa. Daga nan abin ya zama kamar lilo. In Dimokurat suka yi rinjaye ya hau, in rinjayen ya koma hannun 'yan Rifablikan ya sauka ya koma kujerarsa ya jira. Karo na ƙarshe da ya riƙe shugabancin ya ƙare ne a farkon 2013.

Wannan jira, a ganina, shi ne sirrin mutumin, kuma ba inda ya fito fili kamar a maganar taba sigari.

Ku kwatanta zauren majalisa a shekarun da ya fara aiki: ana zaman kwamiti, faifan toka a kan tebur, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, ba wanda yake ganin laifi ne. A irin wannan yanayi Risser ya ɗauko batun hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a. A 1984 aka samu doka ta farko, amma mai rauni ce: ta ware wuraren da za a sha, ta kuma bar mashaya suna cin karensu ba babbaka. Wisconsin kuwa jiha ce da ta yi suna da giya, ƙungiyar masu mashaya tana da ƙarfi sosai a siyasarta, ta kuma tsaya kai da fata. Shi dai bai gaji ba. Ya kawo ƙuduri ya mutu a kwamiti, majalisa ta gaba ya sake kawowa. Sai a 2009 gwamna Jim Doyle ya sa hannu a kan dokar da ta hana shan taba a wuraren aiki har da gidajen abinci da mashaya, ta fara aiki ranar 5 ga Yuli, 2010. Tsakanin doka ta farko da wannan, shekara 25. Ɗan majalisar da zai yi wa'adi biyu ya tafi, ko rabin tafiyar ba zai gani ba.

Sai kuma 2011, shekarar da duniya ta ji sunan wannan majalisa. Sabon gwamna Scott Walker na Rifablikan ya kawo ƙudurin da zai rage wa ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati ikon zama da hukuma su daidaita kan albashi da sharuɗɗan aiki. Jam'iyyarsa tana da sanatoci 19, Dimokurat suna da 14. Sai dai tsarin mulkin jihar ya ce duk ƙudurin da ya taɓa kuɗi, dole kashi uku cikin biyar na sanatoci su kasance a zaure, wato mutum 20. Saura mutum ɗaya tak. Ranar 17 ga Fabrairu duk su 14 suka tsallaka maƙwabciyar jiha, Illinois, inda 'yan sandan Wisconsin ba su da ikon kamo su. Risser yana cikinsu, yana da shekara 83, tsohon sojan ruwa da ya shiga aiki a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan mako uku suka yi a can, dubban masu zanga-zanga kuma sun cika ginin majalisa. Ƙarshenta 'yan Rifablikan suka cire sassan da suka shafi kuɗi, suka amince da sauran ba tare da su ba, Walker ya sa hannu ranar 11 ga Maris. Wannan karon haƙurin bai biya ba.

Kada kuma a ɗauka farin jini kaɗai ne ya zaunar da shi. Madison gari ne na jami'a da ma'aikatan gwamnati, Dimokurat yake zaɓa ko ana ha-maza-ha-mata, don haka duk wanda ya riƙe tikitin jam'iyyar ya gama da babban zaɓe. Sannan Wisconsin ba ta ƙayyade wa 'yan majalisa yawan wa'adi ba. Da a Kalifoniya yake, wadda ta kafa iyaka a 1990, ko Michigan da ta bi sahu a 1992, da tuni doka ta sallame shi gida.

Masu son a sa iyaka ma suna da hujjarsu, kuma ba sai sun je nesa ba. A Illinois ɗin nan da su Risser suka gudu, Michael Madigan ya yi shekara 50 a majalisar wakilai, mafi yawansu yana kakaki. A 2025 kotun tarayya ta same shi da laifin cin hanci, aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai da rabi. Dukansu sun bar majalisa a 2021. Ɗaya ya nufi kotu, ɗayan kuma akwai ginin ma'aikatar shari'a a Madison da ke ɗauke da sunan Risser.

A watan Maris na 2020 ya sanar cewa ba zai sake tsayawa ba. Wadda ta gaji kujerarsa, Kelda Roys, an haife ta ne a 1979, shekarar da aka fara zaɓensa shugaban majalisar dattawa, lokacin ya riga ya yi shekara 22 a ginin.