Abin da ke Riƙe Likita Mai Koyon Tiyata Bayan Ƙwarewar Hannu

A shekarar 1889, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, William Halsted ya kafa tsarin horar da likitocin tiyata wanda daga baya ya bazu a duniya. Matashin likita yakan tare a asibiti, ya kwana ya tashi cikin majinyata har hannunsa ya faɗa, kuma an daɗe ana ɗaukar jure wahala a matsayin ma'aunin cancanta.

Amma jiki yana da iyaka. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, natsuwarsa takan ragu kamar ta mutumin da barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. A 2003 hukumar da ke kula da horon likitoci a Amurka ta ƙayyade musu awa 80 a mako, Tarayyar Turai kuma ta tsaya a kan 48.

Sai dai rage awanni bai kashe maganar ba, domin akwai gajiyar da barci ba ya maganinta. Masaniyar halayyar ɗan'adam Christina Maslach ta bayyana alamominta uku: zuciya ta ƙosa, tausayi ya dushe har majinyaci ya koma lambar gado kawai, sannan mutum ya fara ganin aikinsa ba ya tsinana komai.

A nan ne halayen da likita ya fi ƙarfi a kansu suke shigowa. A 2004 Christopher Peterson da Martin Seligman sun tsara irin waɗannan halaye guda 24, ciki har da naci, son sani, taka-tsantsan da iya aiki da jama'a. Malamin da ya lura cewa ɗalibarsa mai taka-tsantsan ce, ya ɗora mata tantance majinyaci kafin a shiga ɗakin tiyata, ya ba ta wurin da za ta ga amfanin kanta, kuma daga nan gyaran da zai yi mata a kan ɗinki zai fi shiga. Wanda kullum kurakuransa kaɗai ake ƙirga masa yakan koyi ɓoye su, kuma kuskuren da aka ɓoye majinyaci ne ke ɗaukar nauyinsa.

Duk da haka, kada asibiti ya fake da wannan. Naci ba ya cike giɓin ma'aikata, kuma ba ya sa ɗalibin da ake tsawata wa a gaban jama'a ya sake yin tambaya.