Jawabina a taron wata kan maganar hukuncin kisa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, malamanmu, iyaye mata da ke can baya, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi.

Shugaba ne ya ce in ɗan taɓa maganar nan da ta hargitsa mana guruf ɗin WhatsApp har wasu suka yi zuciya suka fita. Wasu na cewa wanda ya kashe a kashe shi kawai, wasu kuma, galibi yaranmu da suka tashi a nan Ingila, na cewa ai ƙasar nan rabon ta da rataye mutum tun 1964 kuma ƙasar ba ta rushe ba.

To ni dai ba zan ɓoye muku ba, ina tare da kisasi. Duk mun ji abin da ya faru a Larabar Abasawa ta Gezawa a 2024, mutum ya tarar da jama'a suna sallar asuba ya watsa fetur ya cinna wuta ya rufe ƙofa, wai saboda rigimar gado, sama da mutum 20 suka rasu. Kotun shari'a ta yanke masa kisa a 2025. Wa zai iya zuwa garin nan ya dubi idon marayu ya ce hukuncin ya yi tsauri?

Amma fa mu da ke ta da jijiyar wuya a waya, a gida hukuncin nan a takarda yake kwance. Sai gwamna ya sa hannu, su kuwa gwamnoni gudun biron suke yi, rabon da a zartar a Najeriya tun 2016 a jihar Edo, mutum sama da 3,000 na jira a gidajen yari. Ko shari'ar Hanifa, yarinyar nan da mai makarantarsu ya sace ya kashe a Kano, Allah ya jiƙan ta, Ganduje da bakinsa ya ce zai sa hannu, aka yanke hukunci a 2022, har ya sauka ba a kai ga haka ba. Kenan iyayen mamaci ba su ga kisasi ba, ba su karɓi diyya ba, ba a ma tambaye su ko sun yafe ba, alhali addini a hannun magada ya sa zaɓin nan uku.

Sannan wa ke cikin masu jiran kisan nan? Yawanci talaka ne. Rigimar gona ce da kaka, shanu sun shiga dawa, aka ɗaga sanda, rai ya yi halinsa, aka kwashi wanda aka samu, aka rubuta bayani da Turancin da ba ya ji aka ce ya dangwala yatsa, lauya kuwa sai uwa ta sayar da akuyoyinta. Wallahi a irin wannan hannuna rawa yake, don in an rataye wanda bai ji ba bai gani ba babu mai dawo da shi.

Shi ya sa nake roƙo, yadda muke tara fam muna haƙa burtsatse muna aika hatsin azumi, mu ware wani abu a asusu don kuɗin lauya da na mota zuwa kotu, ga dangin wanda aka kashe da kuma wanda ake zargi in ba shi da gata, mai gari da liman su tantance mana. Ma'aji na da lissafin abin da ya rage, in an idar da la'asar sai ya karanto, mu ɗaga hannu.

Na gode, Allah ya saka da alheri.