Yadda muke wanke tafkin ninkaya da asid

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Amurka nake magana da ku, ina tsaye a cikin wani tafkin ninkaya da muka kwashe ruwansa tas. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan tabon ja-ja? Ƙarfen da ke cikin ruwa ne ya yi tsatsa. Shuɗi-shuɗin can tagulla ce, baƙin da ke lungu kuma gansakuka ce ta kama filasta ta ƙi saki.

Asid ɗin da za mu yi aiki da shi sunansa muriyatik, wato haidurokulorik. Don Allah ku fahimci wannan: ba wanke tabon yake yi ba, cinye saman filastar yake yi har sabuwar da ke ƙasa ta fito. Kowane wanki yana rage kaurin bangon. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mai gida yana neman a yi masa duk shekara. A bari sai bayan shekara 5 zuwa 7. Tafkin da aka shimfiɗa wa leda ko aka yi da faiba kuwa, ko kusa da shi kada asid ɗin nan ya je. Kafin kwashe ruwa ma a duba ruwan ƙarƙashin ƙasa, don idan ya yi yawa yana iya ɗaga tafkin sama.

Ga takunkumin numfashi, ga tabarau, safar hannu da takalmin roba. Tururin asid ɗin ya fi iska nauyi, a wajen zurfi yake taruwa. Kada asid ɗin ya haɗu da kulorin, wato maganin da ake tsaftace ruwan tafki da shi, iskar da za ta tashi tana kisa.

Ruwa ake fara zubawa a buta, sannan asid a kai, rabi da rabi. Kada a zuba ruwa a kan asid, zai fantsamo a fuska. Na jiƙa bango da mesa, ina zubawa daga sama. Kun ji yana tafasa? Daƙiƙa 30 kawai, in goge da buroshi, in ɗauraye. Dubi farin da ya fito, masha Allah!

Ruwan da ya taru a ƙasa za mu barbaɗa masa garin sodiyam kabonet ya kashe kaifinsa kafin injin jan ruwa ya ja shi. Yau ɗin nan za mu fara cika tafkin, domin rana tana tsattsaga filastar da aka bari a bushe.