Jawabin maraba ga mai girma Kwamishinan Lafiya, daga kwamitin malamai da ɗaliban makarantar koyon aikin jinya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, wakilin mai martaba Sarki, shugabar makaranta, iyayenmu malamai, ɗalibai ƴan'uwa, barkanmu da wannan rana. Yallaɓai sannu da zuwa, sannu da hanya. Aikinka ba sai mun tsaya lissafi ba, kowa a jihar nan ya ga gyaran asibitoci kuma ya ga yadda kake shiga ƙauye da ƙafarka, Allah ya ƙara girma. Mun san lokacinka kaɗan ne shi ya sa tun kafin a kawo lemo za mu faɗi abin da ke cinmu: yallaɓai lab muke so, ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na gaske mai kayan aiki da wuta.

Makarantar nan fa ba ta yau ba ce. Lokacin sanƙarau na 1996, da mutum sama da dubu 100 suka kamu a ƙasar nan, sama da dubu 11 suka rasu, nas-nas ɗin da suka fito daga azuzuwan nan su ne suka kwana a tsaye, marasa lafiya har a ƙarƙashin bishiya ana rataye ledar ruwa a reshe. Da aka yi ta rigimar allurar shan inna a 2003 ƴan matanmu ne suka bi gida-gida suna lallashin iyaye, wani gidan a zage su wani a sakar musu kare, ba su fasa ba har aka daina ganin shan inna na daji bayan na Borno a 2016, a 2020 aka ce Afirka ta rabu da shi. Ranar da aka yi bikin ba wanda ya tuna da mu, ba komai, amma abin da ciwo a ce makarantun da aka buɗe a bayanmu sun samu gini da bas da lab, mu har yau alli da allo.

Ga yadda darasin yake tafiya a nan. Malam zai zo ya ce cikin ƙwayoyin cuta akwai bakteriya, akwai bairos, akwai fangas da farasait, maganin antibayotik yana kashe bakteriya amma ba ruwansa da bairos, shi ya sa ba a ba mai mura amoksil haka kawai. Sai ya zo kan rinin Gram, rinin da ake yi wa bakteriya don a bambance su, wanda tun 1884 ake yinsa a duniya, ya ce wasu ƙwayoyin suna riƙe launin shuɗi mai duhu wasu su koma ja-ja, ya ɗauki alli ya zana ƴan ƙwallaye da ƴan sanduna a allo, mu kwafa, mu haddace, mu ci jarrabawa, wallahi akwai ɗalibar da za ta gama shekara uku ba ta taɓa sa ido a maikiroskof, madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta ga ƙwayar da kanta ba. Guda biyu gare mu, ɗaya madubinsa ya yi fumfuna, ɗayan sai an fito da shi bakin taga a nemi hasken rana, aji guda a layi kamar masu jiran famfo. Ƙwayar tarin fuka da ake rinawa ta fito ja siririya a majina, a hoton waya muke ganinta. Haba yallaɓai.

Kuma wannan ba ilimin ado ba ne. Yarinyar da ta dangwala yatsanta a farantin agar, abincin da ake renon ƙwayoyin cuta a kai, kafin ta wanke hannu da bayan ta wanke, aka sa a inkubeta, wato akwatin ɗumi, a digiri 37 ta dawo washegari ta ga abin da ya tsiro, ba sai an sake yi mata wa'azin wanke hannu ba har ta yi ritaya. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, nas-nas ya fara kashewa, mu ne a gaban gado, mu ke taɓa jini da amai. An koya mana otokilef, na'urar tsarkake kayan aiki da tururi, sai ya kai digiri 121 na minti 15 kafin almakashi ya tsarkaka, to namu ya mutu, tafasawa muke yi a risho.

Ɓangaren garkuwar jiki ma haka. Muna iya karanto maka cewa jariri yana samun garkuwa daga uwa ta mabiyiya da kuma dakashi, nonon farkon nan da wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, sannan allurar BCG ta tarin fuka da haihuwa, fenta mai kare yara daga cututtuka biyar har da mashaƙo a sati 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9, rigakafi yana koya wa jiki ya gane maƙiyi tun kafin ya zo. Amma allurar sai an ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa firij ɗin koyarwarmu ya zama kabad ɗin ajiye fayil saboda ba wuta. Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabta a 2023 yaran da ba su cika fenta ba ya fi kamawa, wa zai zauna da uwa ya fahimtar da ita in ba nas ɗin da ta gane abin da kanta ba?

Akwai maganar rufin hostel ɗin mata da ke yoyo da bas na zuwa firaktikal, suna cikin takardar da shugaba za ta miƙa maka, waɗannan za mu iya haƙuri. Lab ɗin ne ba zai jira ba, don hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa tana dubawa kafin ta sabunta izini, in suka zo suka ga ɗakin nan yadda yake za su iya rage mana yawan ɗaliban da muke ɗauka, ƴaƴan talakawan yankin nan ne za su zauna a gida. Maikiroskof ko guda goma ne, otokilef ɗaya, inkubeta, kayan rini, da sola da inbata da za su riƙe firij. Ɗakin akwai shi, an share, makullin yana hannun malam, dan Allah yallaɓai kafin ka shiga mota ka taka ka leƙa, minti biyar ya isa.

Allah ya maida kai gida lafiya, ya sa ka dawo da almakashin yanke ƙyalle. Mun gode.