Sulken Rumawa a Bangon Coci

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Malam Bashir za mu tattauna kan kayan yaƙin Daular Rum ta Gabas, wato Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, waɗanda fadarsu take Ƙusɗanɗiniyya, wato birnin Istanbul na yau, har zuwa 1453. Malam, me ya sa mai neman sanin sulken mutanen nan yake ƙarewa a cikin coci yana kallon bango?

Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Dalili shi ne kayan da kansu kaɗan ne ƙwarai suka tsira, domin ƙarfe yana tsatsa ko a narka shi a sake ƙerawa, fata da auduga kuwa ruɓewa suke yi. Abin da ya rage da yawa shi ne zanen waliyyan Kirista mayaƙa, irin su Jojis da Tiyodor da Dimitiriyos, a bangon coci da kan hauren giwa da cikin littattafan addini.

Hadiza: Amma ai mai zanen waliyyi ibada ya sa a gaba, ba lallai ne ya taɓa ganin filin daga ba. Wannan shi ne abin da ya daɗe yana damuna.

Bashir: Damuwarki tana kan hanya. Akwai wani dogon naɗaɗɗen littafi na ƙarni na 10 da ke ɗakin karatu na Batikan, mai ɗauke da labarin yaƙe-yaƙen Yusha'u, magajin Annabi Musa, wanda sojojin cikinsa suke sanye da kaya irin na Rumawan dauri, saboda mai zanen ya bi sawun salon magabata. Sai dai a gidan ibadar Hosiyos Lukas da ke ƙasar Girka akwai wani zanen Yusha'u a bango wanda, idan mutum ya matsa kusa, zai ga rigar ƙarfen an yi ta da ƙananan fallaye jere sahu-sahu, kowane sahu ya hau kan ɗan'uwansa. Wannan ita ce rigar da suke kira kilibaniyon, wadda ake huda fallayenta a ɗaure su da igiyar fata. Ni a ganina, hannun da ya fitar da wannan jerin daki-daki ya san abin da yake zanawa.

Hadiza: To yaya za a tantance wanda ya gani da idonsa da wanda ya kwaikwayi na gabansa?

Bashir: Sai an haɗa da rubutun sojojin kansu. Akwai littafin dabarun yaƙi da ake dangantawa da Sarki Nikiforos Fokas, wanda ya yi mulki daga 963 zuwa 969. Ya bayyana cewa barade masu nauyin kaya suna sa kilibaniyon, su ɗora wata riga mai cushe da auduga ko siliki a kai, sannan su rufe fuska da sulke ninki biyu ko uku har ba a ganin komai sai idanu, dokin ma a lulluɓe shi da fata da dannannen ulu.

Hadiza: Wannan riga mai cushe ai duk wanda ya ga 'yan lifidi a hawan Sallah a Kano ko Katsina zai gane amfaninta.

Bashir: Hikimar ɗaya ce, Malama, ko da yake kowa da hanyar da ya samo ta. To ki lura, a zanen coci yawanci waliyyin ba ya sanye da kwalkwali, domin mai ibada fuskarsa yake son gani, kuma ba a rufe masa rigar ƙarfen da cushe, domin ana son ta yi ƙyalli. Haka aka zana Sarki Basil na Biyu a littafin Zabura da ke ajiye a birnin Benis na ƙasar Italiya: rigar ƙarfe mai ruwan zinariya, kambi a kansa, mashi a hannu, mutane sun faɗi a gabansa.

Hadiza: Ashe dakaru masu yaƙi a ƙasa, marasa doki, su ne aka fi mantawa da su a wannan zane.

Bashir: Su kam sai a littafin Fokas za ki same su sosai, sanye da rigar cushe mai kaiwa gwiwa, da hula mai kauri wadda aka naɗa wa rawani a maimakon kwalkwalin ƙarfe.