Bayan an sauke rumfar biki

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan auren gata ne, wanda jama'a suka fi sani da auren zawarawa.

A 2012, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ta Kano ta fara wannan aiki da amare 100. Zuwa watan Oktoban 2023, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a tashi ɗaya, da kuɗi sama da naira miliyan 800. An biya wa kowane ango sadaki naira 50,000, an yi wa amarya gado da katifa, an ɗora mata jarin naira 20,000. Kafin nan sai da aka yi musu gwajin jini, aka kuma gindaya sharaɗi: ba saki sai an koma gaban Hisba.

Wanda ya taɓa ganin uba yana sayar da gona don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki ba zai raina wannan taimako ba. Akwai masoyan da suka shekara suna jiran juna, ba abin da ya tsare su sai lefe da gado. Allah ya saka wa duk mai hannu a ciki.

Sai dai fa ɗaurin aure aikin wuni ɗaya ne. Washegari ango zai fito da adaidaita sahun da ba nasa ba, ya sha man da ya ninka kuɗi tun cire tallafi a watan Mayun 2023, ya kai wa mai keke balas, abin da ya rage shi ne kuɗin cefane. Amarya ta sari omo da magi tana ƙullawa, kafin wata ya zagayo an cinye uwa da riba. Daga nan sai baƙar magana, sai yaji, sai biko, wata rana kuma a ji "je ki gidanku".

A nan ne gizo ke saƙar. Shari'a ta ce matar da aka saki ta yi idda a ɗakinta, ci da sha a wuyan mijin, ɗawainiyar 'ya'ya kuma tana kan ubansu. Mu kuwa ya muke yi? Takarda a hannu, goyo a baya, tun kafin magariba tana zauren mahaifinta, tsohon da shi ma da ƙyar yake ɗora tukunya.

A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da batun dokar iyali, har da hana wanda ba shi da hali ƙara aure. Aka yi masa ca. Har aka sauke shi a 2020 daftarin bai zama doka ba. Dalili a fili yake: ɗan siyasa ya fi son rumfa da 'yan jarida da angwaye cikin fararen kaya, domin tilasta wa magidanci ciyar da 'ya'yan da ya watsar ba ya kawo ƙuri'a, ƙila ma ya kore ta.

Don haka kafin a sanar da zagaye na gaba, muna roƙon Hisba ta karanto wa jama'a lissafi: cikin auren nan 1,800, nawa ne ke raye, nawa suka mutu, me ya kashe su? Majalisar dokokin jiha kuma ta faɗa mana ranar da za ta zauna a kan haƙƙin matar da aka saki da na 'ya'yanta.