Alade mai gashin tunkiya: na leƙa wata ƙaramar gona a Hangari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da asuba na baro birnin Debrecen da ke nan Hangari, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, don haka ku yi haƙuri da ƙarar iskar da kuke ji.

Kafin in juya kyamara bari in faɗa muku: aladu za mu gani yau. Ni Musulmi ne, ba na cin namansu, amma kiwon dabbobi nake karanta, kuma muna da 'yan'uwa a Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai waɗanda da wannan kiwon suke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta Katsit, kusa da Kafanchan, ranar Alhamis da kasuwar aladu ke ci, ya san abin da nake nufi.

To, ga su nan. Don Allah ku dubi gashin nan. Daga nesa wallahi sai ka rantse tunkiya ce, gashi ya nannaɗe ya cukurkuɗe, laka ta bushe a jiki, kunnuwa sun zubo gaba har sun kusa rufe ido. Sunan irin Mangalitsa. Wannan mai ruwan zuma-zuma ita ce aka fi samu, akwai ja, akwai kuma mai baƙin baya da farin ciki. 'Ya'yan can kuwa da ke bin uwarsu, ku lura da zanen da ke bayansu, layi-layi irin na 'ya'yan aladen daji. Suna girma zanen zai ɓace.

Guda shida ne. Na ƙirga har sau biyu, sai dattijon mai gonar ya ce ai haihuwa ta yi kyau ke nan, domin biyar zuwa shida suka saba yi. Fararen aladun manyan gonaki kuwa sukan sauke goma sha biyu ko fiye a ciki ɗaya.

Girman ma haka yake. Farin alade cikin wata shida ya wuce kilo 100, an kai shi mahauta. Wannan sai ya shekara, ko ma ya ɗara, kafin ya kai kilo 140 zuwa 150 da ake so. Kuma ba tsawo yake yi ba, gajere ne, da ƙyar bayansa ya kawo mini ƙugu. Faɗi yake yi. Kusan kashi biyu cikin uku na jikinsa kitse ne, kuma dama don kitsen aka samar da shi. A 1833 aka kawo wasu aladu daga Sabiya aka haɗa da na gida, lokacin da man alade ne man girkin mutanen nan.

Kitsen da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya kusa ƙarar da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka koma man girki na tsirrai da nama maras kitse, manoma suka ga ba riba a ciyar da dabba shekara guda. Zuwa 1991 waɗanda suka rage a duk ƙasar ba su kai 200 ba. Wannan adadi yana taɓa ni, domin garke ɗaya ke nan, annoba ɗaya ta isa ta share shi. Wani masanin dabbobi, Péter Tóth, shi ya bi ƙauyuka yana saye yana tarawa, tare da wani kamfanin Sifaniya mai busar da cinyar alade, wanda kitsen yake nema ido rufe. A 2004 majalisar Hangari ta saka irin cikin dukiyar ƙasa.

Ina kallonsu ina tuna kajinmu na Hausa. Ta gidan gona mako shida zuwa takwas ta isa yanka, tamu sai ta yi watanni tana tono a bayan ɗaki, amma ita ke jure zafi da ƙarancin abinci, kuma a kasuwa mai sanin daɗin miya ita yake tambaya. A ganina ƙaramin makiyayi ba zai taɓa cin tseren sauri da babbar gona ba. Dattijon nan bai ma shiga tseren ba. Dabbobinsa a fili suke kwana cikin wannan sanyi, rumfa da ciyawa kawai, masara da sha'ir da abin da suka tono, kuma masu sayen namansa sun yarda su biya tsada.

Wahalarsa yanzu ita ce wannan shinge biyu da kuke gani, ɗaya bayan ɗaya. Tun 2018 zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla a aladun dajin ƙasar, don haka dole a hana na daji kusantar na gida. Ni ma sai da na tsoma takalmana a ruwan magani kafin a bar ni in shigo.

Ga shi can ya kora ɗaya kan sikeli, ɗan wata goma. Ya duba, ya girgiza kai, ya buɗe masa ƙofa ya koma cikin laka. Ya ce sai bayan hunturu. Bari in ajiye kyamarar in taya shi ɗaukar buhun masara, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.